Yadda aka sake wa jinin ƙafata hanya

Taki 200 da 'yan kai nake yi kafin ƙafar hagu ta tsayar da ni. Na san adadin ne don har ƙirgawa na riƙa yi. Sharaɓata sai ta ɗaure tamau kamar an murɗe ta da igiya, in tsaya minti biyu ko uku ta saki, in ci gaba, ta sake kama ni a daidai wannan nisan. Kusan shekara biyu ina haka. Shekarata 57 a lokacin, ciwon suga ya yi shekara 11 a jikina, taba kuwa tun ina saurayi nake sha. Duk wanda na yi wa ƙorafi sai ya ce sanyi ne, ko ya ce girma ne ya zo, ni ma na karɓa a haka don ya fi sauƙin ɗauka.

Abin ya sauya salo lokacin da ciwon ya daina jiran in yi tafiya. Ina kwance da dare sai yatsun ƙafar su ɗauki zugi, ba ya lafawa sai na zuro ƙafar ƙasa daga bakin gado. Daga baya a kujera nake kwana. Cikin wannan hali takalmi ya ɗan goge ni a babban yatsa, wurin bai kai ƙwayar wake ba, amma ya yi mako biyar bai kame ba. Likitan da ke duba ni kan suga ya sa na cire takalman duka biyu, ya dafa wannan ya dafa wancan, ya yi shiru. Ta hagun sanyi ƙalau, gashin ƙwaurin ya zube, faratan sun yi kauri. Ya laluba bugun jini a bayan idon sawu da saman ƙafa bai ji komai ba. Nan take ya rubuta mini takarda zuwa ga likitan tiyatar jijiyoyin jini, ya ce kada makon ya ƙare ban je ba.

Ban taɓa sanin akwai likita mai wannan fanni shi kaɗai ba. Mu a bakinmu jijiya ɗaya ce: wadda ke ɗauke da jini, da wadda ke kai saƙon ji da motsi, da wadda ta ɗaure tsoka da ƙashi, duk jijiya muke cewa. Shi nasa aikin na jini ne, kuma iri biyu ne: masu ɗauko jini daga zuciya su raba wa jiki, da masu tattaro shi su mayar. Ban da na cikin zuciyar kanta da na cikin ƙwaƙwalwa, waɗanda ke da nasu likitocin, sauran duk hannunsa suke biyowa, daga wuya har yatsan ƙafa.

Wurin jiran ganinsa ya ɗaure mini kai. Ga dattawa irina da ƙafafu a naɗe. Ga wata mata da jijiyoyin ƙafarta suka kumbura suka nannaɗe. Ga wani matashi da aka haɗa wa jijiyoyi biyu a hannu don wankin ƙoda. Can gefe kuma wata uwa ce riƙe da jariri mai jan kumburi a kafaɗa. Har na tambayi ma'aikaciyar jinya ko na ɓata ɗaki, ta ce a'a Baba, duk nasa ne.

Da na shiga, bai fara da na'ura ba. Yatsunsa ya sa a matsematsina, sannan bayan gwiwa, sannan bayan idon sawu, sannan saman ƙafa, yana kwatanta dama da hagu. Ya ɗaga ƙafar sama na ɗan lokaci, tafin ya yi fari fat. Ya ce in zauna in sauke ta, a hankali ta rine ta koma ja mai duhu. Bayan nan ya ɗaura mini abin awon hawan jini a hannu, ya ɗaura a idon sawu, ya ɗora wata 'yar na'ura mai kamar alƙalami da ake kira Dofla, wadda ke mayar da gudun jini ya zama sauti. A hannuna sautin na fita da ƙarfi. A ƙafar kuwa sai ka kasa kunne, kamar numfashin mai barci. Ya yi lissafi, ya raba lambar awon ƙafa da ta hannu. Mai lafiya, in ji shi, yana samun 1.0 zuwa 1.4. In ya gaza 0.9 akwai toshewa. Nawa 0.38 ne. Ya ƙara da cewa ga mai suga wannan awon yakan yi ruɗi, don bangon jijiyar kan ƙandare ya ƙi matsuwa sai lambar ta fito sama da gaskiya, shi ya sa ya sake aunawa a yatsa.

Maganar da ya yi bayan nan har yau tana ci mini rai. Ya ce: "Malam, da ka zo tun ciwon na tafiya ne kaɗai, da wuya in taɓa ka da wuƙa. Magani zan ba ka, ka bar taba, ka riƙa tafiya minti 30 zuwa 45 sau uku a mako, kana tsayawa in ta kama kana ci gaba in ta saki. Da yawa a haka suke samun sauƙi. Amma ciwon dare da miki sun nuna ƙafar ba ta samun ko abin da za ta rayu da shi tana hutawa." Sai ya tambaye ni taba nawa nake sha a rana. Na faɗa. Ya ce zai iya yi wa jinin sabuwar hanya, amma in ban bari ba tabar za ta toshe ta kamar yadda ta toshe ta farko. A ranar na daina. Makonni ukun farko sun ba ni wuya ƙwarai, ban kuwa koma ba.

Sai hoto. Kafin a ɗauka an gwada ƙodata ta jini, saboda ruwan da ake ɗurawa don jijiyoyin su fito a hoton ƙoda ce ke tace shi, aka kuma ce in dakatar da ɗaya daga magungunan suga na kwana biyu. Ɗaukar kanta ba ta kai minti 15 ba. Ɗumi kawai na ji ya ratsa ni daga wuya zuwa mara lokacin da ruwan ya shiga.

Ranar da ya nuna mana hoton ni da uwargidana, na ga cikin ƙafata kamar kogi da rassansa. A dama layin ya sauka fari tas har ƙasa. A hagu ya taso daga mara, yana shiga cinya ya ɓace, bai sake bayyana ba sai ƙasan gwiwa kaɗan. A wannan tsakanin akwai wasu siraran zaruruwa da suka karkace suka zagaye wurin. Ya ce jiki ne ya buɗe su da kansa cikin shekarun da babbar ke toshewa a hankali, su ne suka riƙe ƙafar har yau, amma sun gaza.

Hanya biyu ya shimfiɗa mana. Ta farko ba yanka: a huda jijiya a matsematsi, a zura siririyar waya, a bi ta da balan-balan a hura ta ta buɗe wurin, wani lokaci a bar 'yar ragar ƙarfe ta tokare. Wannan dabara ta samo asali ne daga wani likita a Amurka, Charles Dotter, wanda a 1964 ya buɗe jijiyar ƙafar wata tsohuwa mai shekara 82 da ta ƙi yarda a yanke mata ƙafa. Ta biyu tiyata ce: a ɗauko wata jijiya daga jikina, a ɗinka bakinta ɗaya sama da toshewar, ɗayan ƙasa da ita, jini ya bi ta ya tsallake. Ya ce da toshewata gajera ce da ta farkon zai zaɓa. Amma tawa doguwa ce, ta kuma yi tauri kamar dutse, don haka in ina da jijiya mai kyau, tiyatar za ta fi daɗewa tana aiki.

Jijiyar da yake nema tana kwance ƙarƙashin fata, daga idon sawu ta cikin ƙafa har matsematsi, ita ce mafi tsawo a jikin mutum. Aka bi ta da na'urar hoto ana aunawa, ana so faɗinta ya kai milimita 3 ko fi. Tawa ta kai. Uwargida ce ta yi tambayar da ke raina: "Likita, in an cire masa ita, jinin ta ina zai dawo?" Ya ce mafi yawan jinin da ke komawa zuciya ta manyan jijiyoyin da ke can cikin tsoka yake bi, wannan ta saman ana iya rayuwa ba ita. Ya kuma nuna mana wani abu da ya burge ni. A cikinta akwai 'yan ƙofofi da ke buɗewa sama kawai, don kada jini ya gangaro baya. Saboda haka in an ciro ta sai a juya ta, ƙasanta ya koma sama, sannan jinin da ke sauka ya samu wucewa. Wani likita a Faransa, Jean Kunlin, shi ya fara yin wannan aiki a 1948, kuma har yau ba a samu bututun roba da ya kai jijiyar mutum kyau a ƙasan gwiwa ba.

Kafin a sa rana an duba zuciyata, don cutar da ta toshe ƙafa ba ta tsayawa a ƙafa. Sannan ya karanto mini abin da ka iya faruwa bai rage komai ba: zubar jini, ruɓewar miki, bugun zuciya, toshewar sabuwar hanyar, har da rasa ƙafar duk da an yi aikin. Na sa hannu.

Aka sa Talata. Tun tsakar dare ban ci ba ban sha ba. Ƙarfe 8 na safe ina sanye da rigar tiyata, an zana layin jijiyar a ƙafata da baƙin alƙalami, ina jiran a zo a tura ni. Ƙarfe 10 ta wuce, 11 ta wuce. Wajen azahar ma'aikaciyar jinya ta zo ta ce: "Baba, ka yi haƙuri, an ɗage aikinka, an kawo na gaggawa." Raina ya ɓaci matuƙa. Na yi mako uku ina tattara ƙarfin hali don wannan safiya, ga yatsa yana ƙara baƙi, ga dare biyu na zugi da aka ƙara mini. Na faɗi maganganu da ƙarfi har na gadon kusa da ni suka ji.

Da yamma liƙis shi da kansa ya shigo, shatin tabarau na tiyata a kan hancinsa. Ya ja kujera ya zauna, ya bar ni na gama faɗa. Sannan ya ce: "Malam, kana da gaskiya, na san daren da kake kwana. Yarinya aka kawo, jini ya yanke wa hannunta gaba ɗaya. Ƙafarka ta yi shekaru tana koyon zama da jini kaɗan, za ta iya jiran kwana biyu, na duba na tabbata. Hannun da jini ya yanke wa lokaci ɗaya ba shi da waɗannan ƙananan hanyoyin. Bayan awa 6 tsoka ta fara mutuwa, kuma ba ta dawowa." Bai ƙara komai a kan yarinyar ba. Ni ma ban ce komai ba, amma fushin bai gama sauka ba sai da na ga abin da idona.

Alhamis aka yi nawa. Allura aka yi mini a baya, daga cibiya zuwa ƙasa ya mutu, aka ba ni abin da ya sa nake gyangyaɗi ina farkawa. An yi labule a ƙirjina. Ina jin ana ja ana turawa amma ba zafi. Na ji lokacin da ya ce a ba da maganin hana jini daskarewa, aka jira 'yan mintuna, sannan ya ce zai matse jijiya. Daga nan ɗakin ya yi tsit na dogon lokaci, ashe ɗinki yake yi, da zaren da bai fi gashin kai kauri ba. Wajen awa huɗu aka ɗauka. Can na ji an ɗora Dofla a idon sawuna, sautin ya cika ɗakin, fuu, fuu, fuu, da ƙarfi irin na hannu. Ya leƙo ta saman labulen ya ce: "Malam, ka ji ƙafarka?" Hawaye suka zubo mini ta gefen kunne.

Daren farko duk bayan awa ɗaya ake zuwa a saurari wurin, har gicciye aka zana da alƙalami a inda bugun yake don kowa ya same shi. Ƙafar da ta shekara biyu da sanyi ta ɗauki zafi rau, ta kumbura, aka ce haka take yi in jini ya dawo, in riƙa ɗaga ta in na kwanta. Zugin dare kuwa ya tafi tun daren. Ciwon yanka daban ne, mutum ya san na warkewa ne. Washegari aka tayar da ni tsaye. Yankan matsematsi shi aka fi sa wa ido, don wurin lanƙwasa ne mai gumi, nan ƙwayar cuta ta fi samun shiga.

A kwana na huɗu ina takawa a baranda da sandar asibiti na tarar da wani matashi zaune a benci, idanunsa sun faɗa. Muka gaisa, ya yi mini sannu, na tambaye shi mai jiki. Ya ce 'yarsa ce, shekararta 6. Ta faɗo daga sama ta dafa ƙasa da hannu, ƙashin ya karye dab da gwiwar hannu. Kafin su iso asibiti tafin ya yi fari, ya yi sanyi, ba ta iya motsa yatsu. Likitan ƙashi ya mayar da ƙashin ya kafe shi da siraran ƙarafa, aka jira jini ya dawo bai dawo ba. Da aka buɗe, bakin ƙashin ya ƙuje jijiyar ta ciki, jini ya daskare a wurin. Aka yanke guntun da ya lalace, aka ɗauko 'yar jijiya daga ƙafarta aka yi gada. Aka kuma tsaga fatar hannun a tsaye aka bar ta a buɗe, don tsokar da jini ya dawo wa tana kumbura, in ba ta samu wuri ba sai ta shaƙe kanta. Sai bayan kwanaki za a rufe.

Na ce masa wace rana aka kawo ta? Ya ce Talata da safe.

Na ce ni ne wanda aka ɗage wa aiki ranar. Ya miƙe tsaye ya kama hannuna da hannu biyu yana cewa: "Baba, ka yafe mana." Na ce ba abin da ya yi mini, ni ne ma ya kamata in nemi gafara kan abin da bakina ya faɗa. Ya kai ni bakin ɗakin yara. Tana kwance, hannun a ɗage kan matashi an naɗe shi, yatsu huɗu sun leƙo, jajaye. Uwar ta ce mata ta motsa wa Baba, ta motsa biyu.

Da na dawo ganin likita bayan mako shida, na tambaye shi ko aikin yaro da na babba ɗaya ne, girma kawai ya bambanta. Ya girgiza kai. Ya ce jijiyar irina tana da faɗi amma ta lalace, wani wurin allura na shiga bangon yana farfashewa kamar ɓawon ƙwai, sai ya yi ta neman inda zai riƙe ɗinki. Ta yaro kuwa sabuwa ce garau, amma faɗinta milimita 2 ko 3, kuma da an taɓa ta sai ta tsuke. Babban abin shi ne yaron zai girma. In ya zagaye bakin da zare ɗaya kamar yadda ya yi mini, zoben ba zai buɗe ba, yaro na girma wurin na zama maƙura. Shi ya sa yake yin ɗinkin ɗaya bayan ɗaya, kowanne da ƙullinsa, don a samu sararin buɗewa tsakaninsu. Bututun roba ma yana gudunsa ga yaro don ba ya girma. Kuma hannu ko ƙafar da ba ta samun isasshen jini takan gaza 'yar'uwarta tsawo, saboda haka yakan bi irin waɗannan yara shekara da shekaru yana aunawa. Abin da ke kawo su ma daban ne. Mu taba da suga da hawan jini da kitse ke kawo mu. Su rauni ne, ko jijiyoyin da aka haife su da su a cukurkuɗe, ko gudan jini bayan an sa wa jariri bututu a jijiya, ko tsukewar jijiyar ƙoda da ke sa wa ƙaramin yaro hawan jini.

Ya ɗauki takarda ya zana mini da'ira, ya ɗiga ɗigo uku a gefenta. Ya ce in ka sa zare a wuraren nan uku ka ja, bakin jijiyar sai ya zama mai kusurwa uku, kowane gefe ya miƙe, ka ɗinke shi ba tare da ka kamo bangon baya ba. Alexis Carrel, Bafaranshe, shi ya fito da dabarar a 1902, aka ba shi kyautar Nobel a 1912. Ya ce duk wanda ke ɗinka jijiya a yau, ko dasa ƙoda yake yi, daga wannan zanen ya taso.

Mikin yatsan ya rufe a mako na bakwai. Aka ɗora ni kan asfirin da maganin rage kitsen jini, na har abada, aka kuma sa mini ranakun hoton sabuwar jijiyar. Na so in yi sakaci da na wata na biyar, don lafiyata ƙalau, ina tafiyar rabin awa ba tsayawa. Uwargida ta ce: "Malam, ba ka ji ya ce ko ba ka jin komai ka je ba?" Na je. Hoton ya nuna wani wuri kusa da ɗinkin sama ya fara tsukewa, jini na wucewa da gudu fiye da kima. Likita ya ce a shekarar farko aka fi ganin haka, kuma ba ta ba da sanarwa, sai dai mutum ya wayi gari hanyar ta toshe. A wannan karon balan-balan ɗin aka yi amfani da ita. Aka kashe wurin da allura, aka zura waya, na ji ɗan nauyi a cinya lokacin da aka hura, aka danne hudar, na kwanta a miƙe ba motsi na wasu awanni, da yamma na koma gida.

Yanzu kowace safiya kafin in sa takalmi nakan duba tsakanin yatsuna da diddige, in shafa cikin takalmin da hannu, sannan in ɗora yatsu biyu a bayan idon sawu kamar yadda ya koya mini, in jira har in ji bugun. An gaya mini in na rasa shi, ko ƙafar ta yi sanyi ko fari ko ciwo farat ɗaya, kada in jira gari ya waye.

A zuwana na wata na tara na sake haɗuwa da yarinyar da babanta a wurin jira. Ta ƙara tsawo. Dogon tabo ya bi cikin hannun daga gwiwa zuwa kusa da tsintsiya. Babanta ya ce ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun daɗe ba su dawo daidai ba, amma yanzu tana riƙe fensir, an ce su ci gaba da zuwa duk shekara har ta gama girma. Aka kira sunanta kafin nawa. Ta ƙofar da ba a rufe sosai ba na hango likitan ya durƙusa daidai tsayinta, ya kama tsintsiyar hannayenta biyu, dama da hagu, yana kwatantawa.